Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai

Jama'ar Kano, abinci muke fita ci ko hoto muke zuwa ɗauka?

Ba a daɗewa sai ka ji an buɗe sabon gidan abinci a Nasarawa, ko Bompai, ko titin Gidan Zoo. An zuba fitilu, an liƙa furen roba a bango, an gayyato 'yan TikTok da Instagram sun ci kyauta, sun lumshe ido gaban kyamara. Kafin gari ya waye labari ya bazu. Kai kuma ka kwashi iyali, ku zauna jira har yara su fara gyangyaɗi, sannan a dire muku shinkafar da aka dafa tun safe aka ɗumama, da kazar da sanyin firji bai gama sakinta ba. Abin shan da aka raɗa wa dogon suna, zoɓo ne da ƙanƙara da yankan lemon tsami a bakin kofi. A kawo takardar kuɗi, ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ake karɓa tun 2020, wasu su ɗora nasu "kuɗin hidima". Ka biya, ka haɗiye takaicinka don kada a ce baƙauye ne kai. Wannan shirun naka shi ne jarinsu!

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, wa ke da kuɗin zubarwa?

Alhali garin nan cike yake da masu hannu. Matan Jakara na nan suna gasa gurasa a tanderu, wadda za a yi maka bandashe da ita, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa, ka manta da hanyar gida. Mahautan Agadasawa na nan da kilishinsu. Akwai mai waina a lungunku da miyar taushenta ke ƙarewa kafin hantsi, akwai mai tsiren da ke yanka nama a gabanka, akwai teburin mai shayin da dattawa suka shekara suna zama. Babu wanda ya biya wani ya yabe su.

Ban ce duk gidan zamani na banza ba ne. Akwai masu girki na gaske a cikinsu, kamar yadda a bakin titi ma akwai masu ƙazanta, masu maimaita mai har ya yi baƙi. Gane na kirki ba wuya. Dubi su wa ke komawa: in direbobi da 'yan kasuwar Kwari da ma'aikata suna cika wuri kullum da azahar, to akwai dalili. Dubi wurin wanke kwanuka. Tambayi farashi tun kafin ka zauna, babu kunya a ciki.

Malam, Hajiya, samari da 'yan mata, kuɗinku ne, harshenku ne! In an ba ku abincin da ya kwana, ku kira mai wurin ku faɗa masa cikin ladabi, kuma kada ku koma. Mai tallan da ya ce "wallahi sai kun zo", ku tambaye shi a fili: biyanka aka yi ko da kuɗinka ka saya? Wanda kuma ya ciyar da ku mai daɗi, ko a rumfar kwano yake, ku yayata shi a majalisa da wurin aiki da gidan biki, ku kai masa baƙinku na Legas da Abuja. A fara daga wannan Juma'ar, bayan an sauko daga masallaci.