Mai da 'yarka ɗakinta a daren ba dattako ba ne

Akwai wani yabo da ake yi wa magidanta a ƙasar Hausa wanda na daɗe ina jin ɗacinsa. Za ka ji an ce: "Ai Malam wane dattijo ne, 'yarsa ba ta isa ta yi yaji ta kwana a gidansa ba." Ana faɗin haka a majalisa, ana faɗi wurin binciken aure, har dangin ango su ƙara kwaɗayin haɗa zuri'a da gidan. Shi ma uban yakan faɗa da bakinsa cikin alfahari, cewa ko ruwa ba ya bari ta sha, ƙanenta zai tare adaidaita sahu ya mai da ita. Ni ban ga dattako a nan ba. Abin da na gani shi ne babba ya guji wahalar sauraro da yanke hukunci, ya bar wadda ta fi kowa rauni ta biya da lafiyarta.

Kowa ya san yadda ake yi. Bayan isha'i ta yi sallama, goyo a baya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Uwa na ganinta ta gane, gabanta ya faɗi, amma ba ta da ta cewa sai maigida ya shigo. "Me ya kawo ki da daren nan?" Ta durƙusa: "Baba, wallahi tun shekaranjiya..." Ya katse ta. "Ba na son jin komai. Tashi ki koma ɗakinki. Uwarki ma da haƙuri ta zauna." Inna ta biyo ta har zaure, ta ƙulle mata ɗari biyar a bakin zane, muryarta na rawa: "Yi haƙuri 'yar nan, wata rana sai labari." Babu wanda ya ɗaga mayafin ya ga abin da ke ƙarƙashinsa.

A daren nan mutum biyu aka karantar. Ita ta koyi cewa ba ta da wurin zuwa. Shi kuma mijin, wanda wataƙila ya zauna yana fargabar abin da surukinsa zai ce, ya ga an kawo masa ita har ƙofa ba tare da an tambaye shi ko kalma ɗaya ba. Gobe me zai hana shi maimaitawa?

Masu wannan ra'ayi sukan ce al'ada suke karewa. A'a, rusa ta suke yi. Kakanninmu da suka bar mana yaji sun bar mana biko tare da shi. Mace ta tafi gida, zuciya ta huce, miji ya tako da ƙafarsa ko ya turo manyansa, a zauna, a ji ta bakin kowa, a yi wa mai laifi faɗa a gaban mutane, ya ji nauyi, ya ba da haƙuri, sannan ta koma da mutuncinta. Kunyar zuwa biko ita ce linzamin da ke riƙe namiji. Uban da ya mai da 'yarsa kafin a zo biko ya cire wannan linzami da hannunsa.

Sai kuma a jingina abin ga addini, kuma nan ne raina ya fi ɓaci, domin addinin bai ce haka ba. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni, idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata, a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Mai sulhu daga danginta, wato wanda zai ji kukanta ya tsaya mata. Khaulatu 'yar Sa'alaba ta kai ƙarar mijinta Ausu ɗan Samit wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta yi ta mai da magana, ba a kore ta ba, a kanta aka saukar da farkon Suratul Mujadala. Hindu 'yar Utba ta kai kukan rowar mijinta Abu Sufyan, aka ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Matar Sabitu ɗan Ƙaisu ba ta zargi addininsa ko halinsa ba, zaman ne kawai ba ta iyawa, aka ce ta mayar masa da gonarsa a rabu. Barira kuwa, Annabi da kansa ya roƙar wa mijinta Mugisu ta koma, ta tambaya ko umarni ne, da ta ji ceto ne kawai ta ce ba ta bukata, kuma ba a tilasta ta ba. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da ita, Mukhtasar na Shaihu Khalil ya ba mace damar a raba aurenta saboda cutarwa bayyananniya, ko da shaidu ba su tabbatar an maimaita ba. To wane uba ne ya fi waɗannan magabata son aure ya ɗore?

Ban ce haƙuri ba shi da muhalli ba. Babu mutum biyu da za su raba ɗaki ɗaya shekara talatin ba tare da kau da kai ba. Amma ku lura da wanda kullum ake cewa ya yi. Ba a taɓa aika shi sama, kullum ƙasa yake gangarowa: ga mata, ga amarya a gidan surukai, ga ƙaramin ɗa da yayyensa suka danne masa gado. Wanda ya yi cutar ba a ce masa ya haƙura ya daina.

Abin da aka haɗiye kuma ba ya ɓacewa. A 1993 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, James Gross da Robert Levenson, sun nuna wa mutane hotunan bidiyo masu tayar da hankali, suka ce wa wasunsu su ɓoye abin da suke ji kada ya bayyana a fuska. Fuska ta ɓoye, amma abin da ke zuci bai ragu ba, jiki ma ƙara shiga tashin hankali ya yi. Wannan na 'yan mintoci ne a ɗakin gwaji. Ka ƙiyasta matar da ta yi shekara goma a haka. Ita ce za ka gani a layin asibiti tana cewa kanta na zafi kamar an ɗora garwashi, wani abu na yawo a jikinta, gabanta na faɗuwa ba dalili, barci ya ƙaurace mata. A auna jini a ce ba zazzaɓi, a rubuta maganin ciwon kai, ta koma. A gida kuma a ce sammu ne, ko kishiya, ko mutanen ɓoye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon damuwa ya fi kama mata a kan maza, kuma fiye da kashi 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego suna fama da shi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Asibitocin Dawanau da Kware da Barnawa da Maiduguri ba za su iya ɗaukar abin da gidajenmu ke haifarwa ba, kuma mafi yawa ba a kai su can sai abu ya kai ga tuɓe zane. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ba za ta shiga zaure ta saurari 'yar kowa ba.

Wasu kuma suna nemo wa kansu barci a kwalba. Mun tuna rahoton BBC na 2018 kan kodin, wanda ya sa gwamnati ta haramta maganin tari mai ɗauke da shi. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar ya ƙiyasta masu shan ƙwaya a Najeriya sun kai miliyan 14.3, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Mun yi ta tsine wa matan aure masu sha, amma kaɗan ne cikinmu suka tambayi abin da suke neman mantawa.

"Zauna saboda 'ya'yanki." Wannan ita ce hujjar da ta fi karya zuciyar uwa, ita ce kuma ta fi rauni. Wani babban nazari a Amurka da ya shafi mutum sama da 17,000, wanda aka fara buga sakamakonsa a 1998, ya lissafa ganin ana dukan uwa cikin abubuwan ƙuruciya da ke ƙara haɗarin damuwa da shaye-shaye da ciwon zuciya bayan an girma. Yaron da ya laɓe bayan labule yana jin kukan uwarsa yana ɗaukar karatu. Namijin ya koyi yadda ake yi wa mata, macen ta koyi abin da za ta ɗauka a matsayin rabonta.

Za a ce mini saki ya yi yawa, idan iyaye suka buɗe ƙofa aure zai ƙara lalacewa. Na yarda saki ya yi yawa. Gwamnatin Kano ta fara auren gata tun 2012, a 2023 ma ta aurar da ma'aurata 1,800 a lokaci guda. Amma ƙofar da iyaye ke rufewa ba ta hana sakin ba, jinkirta shi kawai take yi har sai ƙiyayya ta nuna, yara sun kai biyar, lafiya ta tafi. Sarki Muhammadu Sanusi II ya bayyana a wani taro a Jami'ar Bayero a Disambar 2024 cewa a binciken da ya yi a kotunan shari'a tara na Kano, kaso mai tsoka na ƙararrakin kan rashin ciyarwa ne, wani kaso mai yawa kuma kan cutarwa da duka. Waɗannan mata kafin su je gaban alƙali, gidan ubansu suka fara zuwa.

Gaskiya ne akwai yajin da ba shi da tushe, akwai yarinyar da ƙawaye ke zugawa, akwai uwar da ke hura wuta. Amma ta yaya za ka rarrabe idan ba ka saurara ba? Ka bar ta ta kwana. Uwarta ko gwaggonta ta keɓe da ita, domin akwai abin da 'ya ba za ta iya faɗa wa uba ba. Idan akwai rauni a jiki, asibiti za a fara zuwa, a ajiye takardar likita. A aika wa mijin ya zo da waliyyinsa. Idan ita ce da laifi, a yi mata faɗa a gabansa ta koma. Idan shi ne, a sa masa sharaɗi a gaban shaidu, a rubuta, kuma uban ya faɗa masa ido da ido cewa ranar da ya sake ɗaga mata hannu, maganar ta bar zaure ta koma gaban alƙali.