Zanen kango ba aikin banza ba ne

Bayan juyin mulkin 1789, tsoffin gine-gine da yawa na ƙasar Faransa sun faɗa hannun ƴan kasuwa, suna rushe su suna saida duwatsun ga magina. Mutane ƙalilan ne abin ya dama, don a ganin jama'a kango ba ya da mai shi.

A shekarar 1820, Baron Taylor da Charles Nodier sunka soma fitar da manyan littattafai na zanen tsoffin wuraren ƙasar, lardi bayan lardi. Ba a kammala ba sai a 1878, da zane wajen 3000. Aikin hannu ne mai wuya. Mai zane zai zana kangon bisa dutse mai santsi da alli mai maiƙo, a jiƙa dutsen da ruwa, a shafa tawada. Tawadar ba ta kama sai wurin da maiƙo yake. Sannan a ɗora takarda a danne, ɗaya bayan ɗaya. Wani Bajamushe, Senefelder, shi ya gano dabarar a 1796.

Ta haka ne mutumin Paris da bai taɓa barin unguwarsu ba ya ga Château-Gaillard, fadar yaƙi da sarkin Ingila Richard ya gina a gaɓar kogin Seine tsakanin 1196 da 1198. Abin da ido ya gani, zuciya ta kan yi kishinsa. A 1830 gwamnati ta naɗa mai duba gine-ginen tarihi, a 1840 anka fitar da jerin farko na waɗanda ya kamata a tsare. Ba zane kaɗai ya kawo haka ba, amma shi ya share fage.

Masu suka suna cewa mai zane ba shaida ne na gaskiya ba: ya kan ƙara wa hasumiya tsawo, ya sa makiyayi da tumakinsa inda babu su. Gaskiya ne, kuma masanin tarihi ya san ya tace. Amma shaida mai ƙarin gishiri ta fi babu. Hasumiyar Coucy, mai tsawon mita sama da 50, ta yi shekara kusan 700 a tsaye, sojan Jamus sunka tarwatsa ta da nakiya a 1917. Yau sai a takarda ake ganinta.

Wannan sana'a ta taɓo Nijar. Barth ya sauka Agadas a 1850, kuma da dutse anka buga zanen garin cikin littafinsa a 1857. Sai dai ginin Faransa na dutse ne, ya iya jiran mai zane shekaru ɗaruruwa. Ganuwar Birnin Damagaram, ta zamanin Sarki Tanimun, ta ƙasa ce, kowace damina tana cin rabonta. Ya kamata hukumar al'adu ta tura masu zane su zana abin da ya rage, su auna tsawo da kauri, a ajiye a gidan tarihi na Yamai, a kai kofi lakkol-lakkol na jihar.