Baƙin fentin ƙarƙashin mota: wa yake karewa, shasi ko mai saida mota?

 Shekaranjiya cikin shirin dare wani bawan Allah ya bugo daga Bonkuku, ya ce wani mai garaj a Yamai ya nemi jikka 60 don ya fesa ma ƙarƙashin Hilux ɗinsa baƙin fentin nan da suke ce ma blakson, wai don kada tsatsa ta ci ta. Na ce mishi ya riƙe kuɗinsa. Tun daga nan wayata ba ta huta ba, har wani ya ce mi ya haɗa ɗan radiyo da ƙarfe. To ga amsata a rubuce, kowa ya karanta a tsanake.

Tsatsa ba aljani ba ce. Ƙarfe ne ke haɗuwa da ruwa da iska, in gishiri ya shiga tsakani sai abin ya yi sauri. Ƙasashen da sunka ƙirƙiro wanga fenti, irin su Kanada da arewacin Amurka da Turai, gishiri suke watsawa bisa hanya lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, mota ta yi watanni tana wanka cikin ruwan gishiri. Abin ya kai har a 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da ya kai wajen dala biliyan 3.4 na Amurka kan shasin Tacoma da Tundra da Sequoia da tsatsa ta cinye can. Wannan matsalarsu ce ta gaskiya. Mu fa? Ruwan sama wata uku zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, in ma Allah ya kawo shi. Sauran shekara iska busasshiya ce da ke tsage leɓe. Da idona na ga Peugeot 504 bashe tun ta zamanin Janar Seyni Kunce tana jan buhuna ranar Lahadi a kasuwar Baleyara. Kujerunta sun mutu, ƙofa da igiya aka ɗaure ta, amma shasi lafiya lau, kuma ba wanda ya taɓa fesa mata komi.

Da asarar kuɗi ce kawai da na yi shiru. Abin da ke ƙona mini rai shi ne fentin ya zama mayafin ɓoye aibi. Galibin motocin da muke saye tsofaffi ne, sun gama rayuwarsu a Turai ko Amurka, sun ƙetare teku, sun zauna a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko Lome cikin iskar gishiri. Da cutarsu suke zowa. Sai a samu wani ya watsa baƙin fenti bisa tsatsar, ƙarƙashin mota ya yi sheƙi kamar takalmin ango. Ƙanen mahaifiyata haka ta same shi. Ya saida shanu huɗu ya sayo bashe a Yamai, shina ta murna wai har an yi mata "traitement". Damina biyu, ranar da mai walda ya zo gyaran wurin da lam ɗin baya ke kamawa, ya danna turnabis sai ya shige cikin shasi kamar cikin tuwo. Fentin ya tsage da zafin rana, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, tsatsa ta ci gaba da aikinta cikin duhu. Ku tuna motar nan mutane take ɗauka a baya, mata da yara da awaki, zuwa Sanam da Abala. Da a guje ta karye da yanzu wani zance muke.

Masu gardama sun ce mini tsakuwar jar hanya tana kankare fentin kamfani, ƙarfe ya fito tsirara. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ƙarfen da ke bushewa cikin awa guda jan ƙura kawai yake yi a sama, ba ya ruɓewa. Wanda ke ruɓewa shi ne wanda laka ta kwanta cikinsa. Ka ratsa tabkin ruwa cikin Dallol Boso a watan Agusta, laka mai kanwa ta cika ramukan shasi ta toshe ƴan ƙofofin da aka bari don ruwa ya fita, ka bar ta haka har kaka. Nan ne ɓarnar take, daga ciki, inda fentin mai garaj ba ya kaiwa ko kaɗan.

Sannan ku dubi bayan motar, ba ƙarƙashinta ba. Fitsarin bisashe da kashinsu in an ɗauko su daga wajen Tukunus. Buhun takin zamani da ya fashe ya sha raɓa. Gishiri da kanwa. Bidon ɗin ruwa da ke ɗiga ƙarƙashin tabarmar roba shekara guda ba a ɗaga ba. Ruwan batir da ya zuba. Waɗannan su ke huda bashe a ƙasarmu, kuma bokitin ruwa biyu da tsintsiya ranar da aka sauke kaya sun wadatar.

Akwai kuma al'adar masu wankin mota ta fesa baƙin man bidanj haɗe da gazuwal a ƙarƙashi. Don Allah a bari. A ƙasar rairayi man nan kama yashi yake ya zama kamar dutsen niƙa, kuma shina lalata robobi, su silanbulok da tiyon burki. Ka biya kuɗi an rage ma motarka kwana.

Ban ce ba wanda fentin zai amfana ba. Wanda motarsa sabuwa ce, ƙarfenta tsaf, kuma aikinsa ya kai shi bakin teku ya daɗe can, wannan ya nemi wanda ya iya, a wanke, a busar, a sa mai kaurin da ya dace har cikin ramuka. Mu nawa ne haka a Filinge? Ni dai ban san ko ɗaya ba.

Shi ya sa na ce ma mutumin Bonkuku ya kai jikka 60 ɗinsa ga amortisa da burki, don hanya mai gargada da lodin da ya wuce kima su ke tsaga shasi a nan tun kafin tsatsa ta ji labari. In kuma sayen mota za ka yi, ka tafi da makanisiyenka, ba na mai saidawa ba. A hau da ita bisa rami, a haska da tocila, a ƙwanƙwasa shasi da guduma daga gaba har baya, musamman wajen lam da bayan tankin mai. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. In ka ga fentin ɗanye ne a mota mai shekara 15, ka tambayi mai ita ya bari a kankare wuri guda da turnabis, ka ga yadda fuskarsa za ta yi.

Masu garaj da sunka ji haushi, layin shirin a buɗe yake daren Alhamis. Ku zo da hujja, makirufo naku ne.