Ƙashin Tukunya da Haƙoran Ɗan Kwikwiyo

Malamanmu na Malikiyya ba su bar mu cikin duhu ba game da sha'anin kare, domin mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya bayyana halaccin ajiye shi saboda tsaron dabbobi ko gona ko farautar da ake neman abinci da ita, kuma aya ta huɗu a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo idan an ambaci sunan Allah. To, tun da shari'a ta buɗe wannan ƙofa ga makiyayi da manomi da mafarauci, wajibi ne a san cewa duk wanda ya shiga ta ya ɗauki amana, kuma wani ɓangare na wannan amana, wanda nake ganin an fi tozarta shi a ƙauyukanmu da birane, shi ne abin da ake jefa wa ɗan kwikwiyo ya gwaigwaya.

Al'adar da aka saba ita ce, idan an gama cin farfesu ko balangu, musamman a kwanakin layya lokacin da kowane gida ke cike da suya, sai a tattara ƙasusuwa a watsa wa kare, ana ganin an yi masa alheri. Niyya kyakkyawa ce, amma aikin cutarwa ne. Ƙashin da ya sha wuta, dafaffe ne ko gasasshe ko soyayye, ya riga ya bushe ya rasa laushinsa, saboda haka idan haƙori ya danne shi sai ya tsattsage ya zama tsinkaye masu kaifi, waɗanda kan maƙale a ganda ko maƙogwaro, ko su huda hanji, ko su taru su toshe bayan gida. Kuma ƙashin kaza da na zabo su ne mafi sharri a wannan babi. Ko a Amurka, a shekarar 2017, hukumar kula da abinci da magunguna ta gargaɗi jama'a game da gasassun ƙasusuwan da ake sayarwa a kanti domin karnuka, bayan rahotannin rashin lafiya da mutuwa da suka iso mata.

Kafin a zo ga ɗanyen ƙashi, ya kamata mai karatu ya san halin bakin da ake magana a kai. Ana haihuwar ɗan kwikwiyo ba haƙori, sa'an nan daga wajen mako 3 haƙoran nono su fara tsirowa har su cika 28, sirara masu tsini, marasa ƙwari. Daga wata 3 zuwa 4 sai famfara ta soma, kuma kafin ya cika wata 7 haƙoran girma guda 42 sun maye gurbinsu, waɗanda da su zai rayu har ƙarshen ajalinsa, ba wani canji. A tsakanin nan dasashinsa na ƙaiƙayi, shi ya sa ba ya barin takalmi ko tabarma ko igiyar guga, kuma dukansa a kan wannan zalunci ne, domin ɗabi'a ce Mahalicci Ya ɗora shi a kai. Abin da ya dace shi ne a ba shi abin taunawa da ba zai cuce shi ba.

Ra'ayina, bayan na auna saɓanin likitocin dabbobi, waɗanda wasunsu ke hana ƙashi ɗungurungum wasu kuma ke yarda da shi bisa sharaɗi, shi ne ɗanyen ƙashi ya halatta ga wanda zai iya cika sharuɗɗansa, ga wanda ba zai iya ba kuwa barinsa ya fi. Kada a ba ɗan kwikwiyo kafin ya kai wata 3. Ƙashin ya kasance ya fi bakinsa girma, yadda ba zai iya haɗiye shi gaba ɗaya ba, da sauran nama da guringuntsi a jikinsa, irin ƙashin ƙirjin rago ko haƙarƙarinsa, domin jan naman nan da yagarsa shi ne ke kankare dattin haƙori. Ƙashin ƙaurin sa ko na raƙumi kuwa, a guje shi ƙwarai, domin ƙashi ne da aka halitta don ɗaukar nauyin babbar dabba, kuma shi ne ke fasa babban turmin nan na sama wanda kare ke yanka nama da shi. Idan turmin ya fashe har jijiya ta bayyana sai ruɓa ta shiga, ƙurji ya fito a ƙarƙashin ido, dabba ta yi ta shan azaba ba ta da bakin faɗi. Haka nan ƙashin ɓargo da aka yanka kamar zobe yakan sarƙe a haɓar ƙasa bayan fiƙoƙi. Sa'an nan idan an ba kare ƙashin da ya dace, mai shi ya tsaya a kansa yana kallo, bayan kamar kwata na sa'a ya ɗauke, kuma a irin zafin ƙasarmu da ƙudajenta kada a bar shi ya kwana a tsakar gida, domin ɗanyen nama na ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa zawo, ga yara kuma na rarrafe a wurin.

Akwai wata musiba da ta fi karyewar haƙori, wadda nake roƙon mahautanmu su ji tsoron Allah a kanta, wato jefa wa karnuka hanta da huhun da aka gani da ƙullutun ruwa a ciki. Waɗannan ƙullutai 'ya'yan wata tsutsa ce da ke balaga a hanjin kare, ƙwayayenta su fito cikin kashinsa, su koma ga tumaki da raƙuma da 'yan Adam, inda sukan yi shekaru suna girma a hanta ko huhu har sai an kai ga tiyata. Irin wannan kayan ciki a ƙone shi ko a binne shi da zurfi, kuma a riƙa ba kare maganin tsutsa a kan lokaci.

Ƙashi kuma ba ya isar wa baki gaba ɗaya. Mu da muka gaji sunnar asawaki bai kamata mu yi mamaki ba idan aka ce a saba wa ɗan kwikwiyo tun yana ƙarami da ɗaga masa leɓe a goge haƙoransa da tsumma mai tsabta a naɗe a yatsa, ko da buroshi mai laushi, amma ban da man goge baki na mutane, domin shi ba ya tofarwa, kuma wani man yana da sinadarin zaƙi mai guba ga kare. Wanda zai sa yatsa a bakin kare lalle ne ya fara da allurar rigakafin haukan kare idan ya kai wata 3, wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, ta daɗe tana sarrafa irinta. A wurin wannan ɗaga leɓe ne ake gane fiƙar nono da ta ƙi faɗuwa bayan ta girma ta fito a gefenta, wadda idan ta wuce wata 7 tana nan sai a kai wa likitan dabbobi ya cire ta, kafin abinci ya taru a tsakaninsu dasashi ya kumbura.