Ƙaramin haɗari: Me ya sa direbobin Nijeriya ke guje wa inshora?

A ranar 1 ga watan Fabrairun 2025 ne 'yan sandan Nijeriya suka soma tsaurara bincike kan inshorar mota ta dole a duk faɗin ƙasar, bisa umarnin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun.

Sai dai kuma a titunan Kano da Kaduna da Legas, yadda ake warware ƙaramin haɗari bai canza ba.

Idan mota ta gogi wata, direbobin kan sauko ne, a yi cacar baki, jama'a su taru su shiga tsakani. Daga nan ko dai a ce an yafe, ko kuma a rankaya gareji, mai laifi ya biya kuɗin kwankwasa da fenti.

Da wuya a ji wani ya ambaci kamfanin inshora, alhali kuwa saboda irin wannan rana ce aka biya kuɗin.

Abin da takardar ta ƙunsa

Tun a shekarar 1945, zamanin mulkin mallaka, aka kafa dokar da ta wajabta wa masu motoci yin inshorar da za ta kare haƙƙin wanda suka cutar a hanya.

A ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ninka kuɗin wannan inshora sau uku ga motocin gida, daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara. Ta kuma ɗaga iyakar diyyar ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3, kuma sabon tsarin ya fara aiki a watan Janairun 2023.

Ke nan gyaran fashewar fitila ko lotsewar ƙofa, wanda galibi bai kai wannan adadi ba, yana cikin abin da kamfanin mai laifi ya kamata ya biya.

To amma wannan inshora ba ta gyara motar wanda ya saye ta. Motar ɗaya ɓangaren kawai take gyarawa, kuma rashin fahimtar hakan na daga cikin dalilan da ke sa wasu ke zargin kamfanoni da cin amana.

Wanda ke son a gyara tasa motar sai ya sayi cikakkiyar inshora, wadda hukumar ta ce kuɗinta ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba. Mai motar naira miliyan 10 zai biya aƙalla naira 500,000 a duk shekara.

Inda diyya ke suɓucewa

Sau da yawa a cikin sa'a guda ta farko bayan haɗarin ne ake rasa diyya.

Yawancin yarjejeniyoyin inshora sun hana direba amsa laifi ko yin alkawarin biya ba tare da izinin kamfani ba. Haka kuma suna buƙatar a sanar da kamfanin cikin gaggawa, a ɗauki hotuna, a kawo ƙiyasin kuɗin gyara, sau da yawa har da rahoton 'yan sanda.

Duk waɗannan sun saɓa wa al'adar sulhu a bakin titi, inda amsa laifi da ba da haƙuri ke kashe wutar rikici.

Kuma da zarar bakanike ya sa guduma kafin jami'in kamfani ya duba ɓarnar, hujja ta tafi.

Ga mai motar haya, lissafin a bayyane yake. Kowace rana da mota ta kwana a gareji ana jiran jami'in kamfani, rana ce da babu balas, babu cefane. Don haka ya gwammace ya karɓi rabin kuɗin gyara a hannu yau, da ya jira cikakken kuɗin da bai san ranar zuwansa ba.

Akwai kuma matsalar jabun takardu, waɗanda 'yan baranda ke haɗawa da takardun rajistar mota. Domin magance hakan ne ƙungiyar kamfanonin inshora ta kafa rumbun bayanai na NIID, inda mutum zai iya tantance sahihancin inshorarsa da lambar mota.

Sabo ko na hannu?

Ko da kamfani ya amince zai biya, sauran taƙaddamar ita ce ta wurin gyara da irin kayan da za a sa.

Kamfani kan ba da zaɓi: ko a kai motar garejin da ya amince da shi, ko kuma a karɓi kuɗi a gyara inda ake so. Kuɗin da ake bayarwa kan dogara ne da ƙiyasin jami'in kamfanin, wanda ba lallai ne ya dace da farashin kasuwa ba.

Motoci da dama a Nijeriya tsofaffi ne da aka shigo da su daga ƙetare, kuma kayan gyaransu na hannu ne, irin waɗanda ake samu a Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano.

Idan mai tsohuwar mota ya nace sai an sa masa sabon kaya, kamfani na iya neman ya cika wani kaso, bisa ƙa'idar cewa inshora na mayar da mutum ne inda yake kafin haɗarin, ba ta ba shi riba. A cikakkiyar inshora ma akwai wani kaso na farko da mai mota ke biya daga aljihunsa, abin da kan sa neman diyyar ƙaramar ɓarna ya zama wahalar banza.

Faɗuwar darajar naira ta ƙara dagula lissafin. Dalar Amurka da ake canzawa a hukumance kan kusan naira 460 a watan Mayun 2023, ta haura naira 1,500 a 2024, kuma farashin kayan gyara ya bi ta. Wanda ya bar inshorar motarsa kan tsohuwar daraja na iya tarar da cewa diyyar ba ta kai kuɗin gyara ba.

Batun amana

A arewacin ƙasar akwai ƙarin shakku na addini game da inshora, inda wasu malamai ke ganin akwai riba da rashin tabbas a cikinta. Wannan ne ya sa NAICOM ta fitar da ƙa'idojin inshorar Musulunci, wato takaful, a 2013, kuma yanzu akwai kamfanonin da ke sayar da inshorar mota ta wannan tsari.

A shekarar 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar garambawul ga harkar inshora, wadda ta maye gurbin ta 2003.

Shingen 'yan sanda na iya tilasta wa direba sayen takarda, amma ba zai sa shi neman diyya ba. Wannan ya rataya ne a kan kamfanoni: muddin karɓar kuɗin fitila ɗaya zai ci kwanaki ana zarya tsakanin caji ofis da ofishin kamfani, to sulhun bakin titi ne zai ci gaba da yanke hukunci.