A Tambayi Sabon Gari Kafin A Sayi Mota

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu, idan aka tashi sayen mota a gida, mu ne ake turowa Kano, wai don mun iya karanta takardun Turanci. Dattijo ya sayar da amfanin gonarsa, ko kuwa ƙungiyar gari ta yi karo-karo, sai a ce a samo ƙaramar bas mai ja da ƙafa huɗu, wadda za ta iya da hanyar ƙauye da damina. Gumin shekaru ne ake damƙa wa yaro, alhali kuwa saninsa da mota bai wuce ganin hotonta a waya ba. Ra'ayina shi ne, duk wanda aka ɗora wa wannan nauyi kada ya fara da filin dillalai, ya fara da shagunan kayan gyara na Sabon Gari.

Ba da son ranmu muka zama masu sayen kwancen Turawa ba. A 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci, a nan Kano ma an yi kamfanin haɗa manyan motocin Fiat a hanyar Zariya. Amma da aka karya darajar Naira a 1986, zamanin mulkin Babangida, sai sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, balle manomi. Daga nan ne muka san Beljiyam da 'yar Kwatano, waɗanda ake biyowa da su ta Maraɗi a faɗo Jibiya, har gwamnatin Buhari ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu, 2017. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. Ban ce a daina saye ba, domin talaka ba shi da wata mafita. Cewa na yi a saya da ido biyu.

To, mene ne amfanin ƙafa huɗun nan da ake ta kwaɗayi? Lalle tana fid da mutum daga taɓo da yashi. Sai dai kowace ƙafa da injin ke juyawa tana da nata ƙarafan, ga ƙarin farfela, ga ƙaramin giyabos mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, kuma a motar da ta tsufa duk waɗannan jiran ranarsu suke yi. Ta fi shan mai, wanda kuwa ya sayi fetur tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023 ba ya bukatar bayani. Wasu ma ba sa son a sa musu taya ɗaya sabuwa uku tsofaffi, sai an canza duka. Toyota Sienna mai ƙafa huɗu ta shekarun baya, wadda ake kawowa daga Amurka, ko tayar safaya ba a yi ta da ita ba. In hanyar garinku kwalta ce, sai ɗan burji na mil biyu, me ya kai ka?

Mafi haɗari shi ne maganar sitiyari. Tun 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Yawancin bas-bas masu ƙafa huɗu da ake yabo, irin su Mitsubishi Delica da wasu Hiace, don titunan Japan aka ƙera su, sitiyarinsu na dama. Akan yanke a mayar da shi hagu a gareji, a yi walda a inda ran mutum goma sha huɗu ya rataya. Ko an iya aikin, ƙofar fasinja tana nan a hagu, watau duk mai sauka tsakiyar titi zai sauka.

An ce a zamanin da Fagge take zangon ayari, mai sayen raƙumi ba ya duban ado, baki yake buɗewa ya ga haƙora. Haƙoran mota suna ƙarƙashinta. Gishirin da ake watsa wa titunan Turai da Kanada lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe daga ƙasa, fenti kuwa yana ta ƙyalli a sama. Mitar tafiya ana mayar da ita baya. Saboda haka a tafi da bakanike na gida, ba wanda dillali ya kawo ba, a hau rami a duba, a kuma tabbatar da takardun kwastan kafin a ƙirga ko sisi.

Amma kafin duk wannan, ɗan'uwa, rubuta sunan motar da shekararta, ka shiga Sabon Gari, ka tambayi shago uku kuɗin giyabos da farfela da ƙafar gaba, ka leƙa Ƙofar Ruwa ka sake tambaya. In suka ciro suka ajiye maka a kan tebur, ka je ka yi ciniki. In kuwa suka ce sai an aika Ladipo a Legas an nemo, ka koma gida ka mayar wa Baba kuɗinsa.