Mu Tura Yaranmu Su Koyo Ilmin Kuɗi

'Yan'uwa manoma, idan yaro ya gama sakandare aka zauna shawarar abin da zai karanta a jami'a, yawancinmu likita muke so, ko injiniya, ko malamin gona. Da wuya ka ji uba ya ce ɗansa ya tafi makarantar kasuwanci ya karanta ilmin kuɗi. Waɗansu suna ganin karatun 'ya'yan attajirai ne, waɗansu kuma su ce na ma'aikatan banki ne, ba ruwan manomi. Mu dai a namu gani, kowace ƙungiyar manoma da ke juya kuɗin jama'a ya kamata ta sami ɗa ko 'ya wanda ya yi wannan karatu, ko da sai ƙungiya ta sa hannu cikin kuɗin makarantarsa.

Dalilinmu shi ne, ba a gona kaɗai manomi yake yin hasara ba. Mun san yaƙi da tsutsa da wuta-wuta, gama ido yana ganinsu. Amma akwai hasarar da ke ɓoye cikin lissafi, ita kuwa sai mai ilmi yake ganinta.

Ga misali. Mai ba da rance ya ba ka Naira 100,000 da bazara, ya ce ruwa kashi 5 cikin ɗari ne kurum kowane wata. A kunne kamar ba wani abu ba ne. Amma bayan wata shida Naira 130,000 za ka biya, watau kashi 60 ke nan a shekara. Wanda kuma ya karɓi buhu ɗaya da damina domin ya biya biyu da kaka, ya biya ruwa kashi 100 cikin ɗari a ƙasa da rabin shekara.

Ga wani kuma. An ba ƙungiya rancen Naira 120,000, ruwa kashi 20, a riƙa biyan Naira 10,000 daga uwar kuɗi kowane wata har shekara ta cika. In an lissafta ruwan a kan dukan kuɗin, Naira 24,000 ke nan. Amma tun da kuna ta biya, abin da ke hannunku a tsakaice bai wuce Naira 65,000 ba. Ashe ruwan gaskiya ya kusa kashi 37. Ma'aji nawa ne cikinmu zai gane wannan kafin a sa hannu a takarda?

Ko ajiya ma tana da nata haɗari. A shekarar 2024 tsadar kaya a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. Ƙungiyar da ta kulle Naira miliyan ɗaya a akwati a irin wannan shekara, ba wanda ya taɓa ko kwabo, za ta tarar kuɗin ba ya sayen abin da ya wuce na Naira 770,000 na bara. Ba ɓarawo, amma an yi hasarar taki buhu da dama.

To, irin waɗannan abubuwa ne ake koyarwa. Ɗalibin ilmin kuɗi yana koyon cewa Nairar yau ta fi Nairar baɗi daraja, da yadda za a auna bambancin. Yana koyon rubuta kowane kuɗi sau biyu, inda ya fito da inda ya shiga, hanyar da wani Ba'italiye mai suna Luka Pacioli ya bayyana cikin littafi tun 1494. Yana koyon yin kasafi, da auna haɗari, da inshora, da dokokin banki. Zai iya lissafa ko gara a sayar da masara da kaka, ko a ajiye har damina, bayan an cire kuɗin sito da maganin ƙwari da ruwan bashi. Karatun digiri shekara huɗu ne, ana yinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Jos, da sauransu. Sai yaro ya ci Turanci da lissafi a sakandare, ya kuma ci jarrabawar JAMB.

Rashin wannan ilmi yana rufe mana ƙofofin da aka buɗe dominmu. Tun 1973 aka kafa bankin manoma a Kaduna. A 1977 gwamnati ta kafa asusun lamunin rancen noma, wanda ke biyan banki har kashi 75 cikin ɗari na abin da manomi ya kasa biya, domin bankuna su saki jiki su ba mu rance. Amma banki yakan ce a kawo littattafan ƙungiya da tsarin yadda za a biya, mu kuwa sai mu kawo littafin makaranta da rubutun fensir. Da Babban Banki ya fara shirin ba manoman shinkafa rance a Kabi a 2015, mutane da yawa sun ɗauka kyauta ce, sai da lokacin biya ya zo rigima ta tashi.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma suna da hujja. Na fari su ce, yaron ba zai dawo ba, birni zai riƙe shi. Gaskiya ne, albashin banki ya fi abin da za mu iya biya. Amma ba sai ya zauna a ƙauye ba. In ya zo sau biyu a shekara, kafin a karɓi rancen taki da bayan an sayar da amfani, ya duba littattafai ya ba da shawara, ya isa. A rubuta wannan alkawari tun da fari a gaban iyayensa da shugabanni. In ya kasa cikawa, ya mayar da kuɗin a taimaki wani yaro.

Na biyu su ce, mai ilmi da alƙalami yake sata. Wannan ma yana faruwa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Mai rubuta littafi kada ya riƙe kuɗi. Kada a fid da ko sisi daga banki sai mutum biyu ko uku sun sa hannu. A karanta lissafi da Hausa a gaban taro kowane wata uku, kowa ya yi tambaya. Digiri ba ya maye gurbin idon jama'a.

Na uku su ce, littattafan jami'a na manyan kamfanoni ne da kasuwar hannun jari. Haka yake, amma ƙa'idar kuɗi ɗaya ce, ko na kamfani ko na adashi. Mu tuna ƙungiyoyin gama kai irin namu talakawa ne suka fara su. Mutum 28, da dama cikinsu masaƙa, suka kafa ta garin Rocidel a Ingila a 1844, suka kuwa tsaya kan ciniki hannu da hannu da bayyana lissafi ga kowa.

Saboda haka ga shawararmu. A taron kaka mai zuwa, a duba cikin yaranmu wanda yake da kan lissafi da hali nagari, kada kuwa a manta da 'yan mata, gama mun ga yadda iyayensu mata suke riƙe adashi da aminci. In nauyin ya fi ƙarfin ƙungiya ɗaya, uku ko huɗu na gunduma su haɗa hannu, kowane manomi ya ba da mudu kaɗan. In jami'a ba ta samu ba, akwai Kwalejin Gama Kai ta Tarayya a Kaduna, inda ake yin difloma. Kafin yaron ya gama kuma, ma'aji ya sayi littafi mai kyau, ya rubuta kowane shige da fice da kwanan wata, domin ɗalibinmu ya sami abin dubawa tun hutunsa na fari.